Yadda ake neman taimakon lauya kan biza da takardun zama, daga Tawa har Yamai

A Tawa da wuya ka shiga gida ka tarar babu wanda ya tafi bida. Wani yana Abijan, wani yana Libiya, wani Tamanraset, wani kuma ya bi ta Konni ya tsallaka Illela ya gangara Legas. Iyayenmu sun yi wannan tafiya da ƴar jakar tufafi da katin ɗan ƙasa, wani sa'in ma babu katin. Yau hanya ta koma ta takarda, kuma duk inda takarda ta yi yawa ƴan kamasho ba sa rasa wurin shimfiɗa tabarma. Wani ƙanena ya sayar da bijimai biyu ya kai wa wani mutum a Yamai, wanda ya ce yana da hannu a ofishin jakadanci. Wata huɗu ana "gobe, jibi", daga ƙarshe lambar ta daina shiga. Fasfo ɗin ma a wurin wani mai shago muka tarar an jefar masa. Ni na bi sawun maganar har gaban lauya, kuma a can na koyi yawancin abin da zan faɗa.

Muna zama lauyan ya dube ni ya ce: "Alhaji, ni ba na ba da biza, kuma babu lauyan da ke bayarwa." Gaskiya ya faɗa. Jami'in ofishin jakadanci ne kaɗai ke cewa e ko a'a. Aikin lauya biyu ne: ya sa takardunka duka su faɗi magana ɗaya, kuma ya tsare maka wa'adi kada ya wuce. Duk wanda ya ce maka biza tana hannunsa, tashi ka kaɗe rigarka.

Fara da sanin ƙofar da kake bugawa

Kafin ka kashe ko dala, zauna ka tantance irin matsalarka, domin iri uku ce kuma kowace da mai maganinta. Akwai gyaran takardunka na gida, wannan dokar Nijar ce, kotunmu ce. Akwai shigo da baƙo ko ɗaukarsa aiki, ita ma dokar Nijar ce. Akwai kuma neman shiga wata ƙasa, wanda dokar waccan ƙasar ce ke iko da shi. Lauyan Yamai zai iya shirya maka dosiye ya ba ka shawara, amma ranar da za a yi shari'a a Faransa ko Kanada, wanda ke da izinin aiki a can ake nema.

Sai ka tabbata ƙofar a buɗe take, don abubuwa sun canza ƙwarai a ƴan shekarun nan. Ofishin jakadancin Faransa a Yamai ya rufe tun watan Janairun 2024, saboda haka mai neman bizar Faransa sai ya fara da tambayar wane ofishi ne a wata ƙasa zai karɓi takardar mazaunin Nijar, tun kafin ya sayi tikitin mota. Ofishin jakadancin Amurka ya dakatar da aikin biza na yau da kullum a Yamai a watan Yulin 2025, sannan a Disamban shekarar aka sa Nijar cikin ƙasashen da aka hana wa ƴan ƙasarsu shiga Amurka. Wanda ya karɓi kuɗinka yau a kan bizar yawon buɗe ido ta Amurka ya san abin da yake yi.

Ta ɓangaren maƙwabta kuwa, ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga CEDEAO ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025, ranar da aka tsayar don fara amfani da fasfo na AES, wato sabon ƙawancen ƙasashen uku. CEDEAO ta ce za ta ci gaba da karɓar fasfo da katin shaida masu tambarinta, kuma ƴan ƙasashen uku su ci gaba da shiga ba biza har sai an sake sanarwa. Wannan "har sai an sake sanarwa" ita ce abin lura. Mai zuwa Abijan ko Kano ya tambaya kafin kowace tafiya, kada ya dogara da abin da ya gani bara.

Takardunka na gida, inda yawancin ciwon yake

Nan zan daɗe, domin nan mutanenmu suka fi faɗuwa ba su sani ba. Ɗauko duk takardar da ke ɗauke da sunanka ka shimfiɗa a tabarma: takardar haihuwa, takardar zama ɗan ƙasa, katin shaida, fasfo, takardun lakwal, takardar aure, takardar banki. Karanta su harafi bayan harafi. Za ka sha mamaki. Mutum ɗaya, a takardar haihuwa Mahamadou, a takardar lakwal Mamane, a banki Mohamed. Sunan uba wani wuri Aboubacar, wani wuri Boubacar. A wajenmu duk mutum ɗaya ne, kowa a unguwa ya sani. A idon jami'in da ke zaune gaban kwamfuta mutum uku ne, kuma ba shi da lokacin jin tarihin gidanku.

Haka ranar haihuwa. Da yawa cikinmu ba a rubuta mu a kan lokaci ba, sai daga baya aka je kotu da shaidu aka yi takardar hukuncin da ke tsayawa a madadin ta haihuwa, aka rubuta "an haife shi wajen shekara kaza". Irin wannan ne ke komawa 1 ga Janairu a fasfo. Wannan ba laifi ba ne. Laifin shi ne mutum ya sake yin wata takardar a wani gari da wata shekarar, don ya rage shekaru saboda jarrabawa ko neman aiki, ya zama yana da haihuwa biyu. In kana da irin wannan, gaya wa lauya tun ranar farko. Ana gyara kuskuren suna ko rana ta hanyar kotu, da takardar roƙo da hujjoji, sannan a kai hukuncin ma'aikatar magajin gari a gyara rajista. Yana cin lokaci, shi ya sa ake fara shi kafin komai. Kada ka yarda wani mai siber ya ce zai "gyara" maka a kwamfuta. Wannan jabu ne, kuma ɗauri ne.

In sunaye sun daidaita, sai ka bi jerin: takardar zama ɗan ƙasa daga kotu, kaziye wato takardar shaidar rashin laifi daga kotun yankin da aka haife ka, sannan fasfo daga hukumar DST ta ƴan sanda. Kaziye wata 3 kawai take aiki, don haka a bar ta sai an kusa kai dosiye. Na ga wanda ya fara da ita, kafin sauran takardu su haɗu ta mutu, ya sake komawa Madawa neman wata. Takardar da za ta fita waje sau da yawa sai an kai ta ma'aikatar harkokin waje an buga mata hatimin tabbatarwa, in kuma ƙasar ba ta aiki da Faransanci sai a kai wa mai fassara da hukuma ta amince da shi. Fassarar ɗan maƙwabci mai jin Turanci ba ta shiga.

Yadda za ka gane lauyan gaske

Lauya a Nijar, wanda muke kira avoka muna gaishe shi da "Metir", dole sunansa ya kasance cikin jerin ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa, wadda Batoniye ke shugabanta. Tambayar wannan ba rashin kunya ba ce. Lauyan kirki ma daɗi yake ji. Yawancinsu a Yamai suke, tafiyar fiye da kilomita 500 daga Tawa, don haka ɗan Adar ya fara da kiran waya, ya aika hotunan takardu, a sa masa randebu kafin ya hau mota. Wanda ba shi da hali ya nufi ofishin ANAJJ, hukumar da dokar 2011 ta kafa don taimaka wa marasa ƙarfi a harkar shari'a, wadda ke da ofisoshi a manyan kotuna. A can ana ba da shawara ba da kuɗi ba.

Ba kowace matsala ce ta lauya ba. Takardar wakilci, ko kafa kamfani, ko yarjejeniyar da ake so ta yi ƙarfi, aikin notar ne. Kai wa wani sammaci ko rubuta shaidar abin da ya faru, aikin wisiye ne. Kamfanin tafiye-tafiye kuwa tikiti da otal ne nasa, yana iya taya ka cike fom, amma ba shi da ikon tsaya maka gaban kowace hukuma.

In lauyan waje ake buƙata, kowace ƙasa tana da rajistarta a intanet, kuma dubawa kyauta ne. Kanada ba ta yarda kowa ya karɓi kuɗi ya wakilce ka ba sai lauya ko mataimakin lauya mai rajista a ƙungiyar lauyoyin can, ko notar na Kebek, ko mai ba da shawara da ke cikin rajistar CICC, hukumar masu ba da shawarar shige da fice ta Kanada, kuma sai an rubuta sunansa a fom IMM 5476. In ya ce maka "kada mu sa sunana", ka gama sanin ko shi wane ne. A Ingila hukumar da a da ake kira OISC, yanzu IAA, ita ke riƙe da sunayen masu izinin ba da shawarar shige da fice.

Ranar haɗuwa ka tafi da kofin takardu, na asali kuma ka nuna ka mayar jakarka. Ka yi tambaya ba kunya: "Metir, a ganinka wannan dosiye tana da ƙarfi ko in haƙura tukuna? Me za ka yi mini daki-daki? Nawa ne ladanka, nawa ne na tambur da na ofishin jakadanci? In an ƙi, aikinka ya ƙare ko ɗaukaka ƙara na ciki?" Abin da kuka shirya a rubuta shi, ku sa hannu ku biyu, kowane biya kuma da rasit. Fasfo ba ya kwana a hannun kowa sai ofishin da zai buga biza. Sannan ka faɗa masa gaskiya duka, har wadda ba ka so: an taɓa ƙin ba ka biza, an taɓa koro ka ta Assamaka, ka taɓa wuce wa'adi a Saudiyya. Abin da ka ɓoye wa lauya, zanen yatsunka zai faɗa wa jami'i.

Haɗa dosiye

Zan ɗauki bizar Shengen misali, domin ƙa'idarta a rubuce take kuma ɗaya ce a ƙasashen Turai da ke cikinta. Kuɗinta yuro 90 ne ga babba tun watan Yunin 2024, wato kusan jaka 59 na sefa, yara masu shekara 6 zuwa 12 kuma yuro 45. Ba a mayar da kuɗin in an ƙi. Ana kai takarda daga wata 6 kafin tafiya, kuma kada a bari ya rage ƙasa da kwana 15. Amsa kan fito cikin kwana 15, tana iya kaiwa 45. Fasfo ya zama an yi shi cikin shekara 10 da suka wuce, yana da shafi biyu babu komai, kuma zai ƙara wata 3 da rai bayan ranar da za ka baro can. Sai asirans na lafiya da ya kai yuro 30,000. Ana kai dosiye ga ƙasar da za ka fi daɗewa cikinta, ba wadda ka ji an ce ta fi sauƙi ba. Bizar kuma ta kwana 90 ce cikin kowane kwana 180, ba ta aiki ba ce.

Waɗannan duk lissafi ne, kowa zai iya cika su. Abin da jami'i ke nema a bayansu tambaya ɗaya ce: wannan mutum zai koma gida? A nan ɗan kasuwarmu ke shan wahala. Mutum yana loda tireloli na albasar Galmi zuwa Abijan da Akara, dukiyarsa ta fi ta ma'aikaci goma, amma kuɗinsa na cikin buhu da hannun amintattu, ba shi da takarda ko ɗaya da ke nuna haka. A takarda shi marar aiki ne. Maganinsa ba na mako ɗaya ba ne. Ya je Gidan Kamfanoni na zauren ƴan kasuwa ya yi rajistar kasuwanci ta RCCM, ya karɓi lambar haraji ta NIF, ya buɗe asusu da sunan kasuwancin, kuɗin ciniki su riƙa shiga suna fita ta nan wata da watanni. Ya adana rasit na haraji da takardun duwan. Takardar fili, ta gida, ta aure, ta haihuwar yara, duk suna cewa mutumin nan yana da abin da zai komo wa.

Dabarar da ƴan kamasho suka fi so ita ce a ranto miliyoyi a zuba a asusu kwana uku kafin a ciro takardar banki. Jami'an sun ga irinta sau dubu. Asusun da ke kwance wata biyar sannan ya kumbura dare ɗaya, shi da kansa yake tona kansa. Takardar gayyata ta ƙarya da ajiyar otal ta ƙarya sun fi wannan muni, domin hukuncinsu ya wuce ƙin biza. Kanada tana hana mutum shekara 5 in ta kama shi da ƙarya, Ingila har shekara 10, Amurka kuwa hanin na iya zama na har abada. Kuma ko wani ne ya cike fom ɗin, sa hannunka ne a ƙasa. Kada ka sa hannu a abin da ba a karanta maka an fassara maka da Hausa ba.

Masu zuwa Sin sayo kaya, musamman baje kolin Gwangju da ake yi a watan Afrilu da Oktoba, bizar kasuwanci mai harafin M suke nema, kuma ginshiƙinta takardar gayyata ce daga kamfanin can, mai adireshi da hatimi. Ka kira kamfanin da kanka ka ji ko sun san da kai. Masu niyyar ƙasa mai tsarki kuma su bi ta kamfanin da COHO, hukumar hajji da umra ta Nijar, ta amince da shi. Bizar umra ba ta aikin hajji ba ce, ba kuma ta neman aiki ba. Saudiyya tana cin tara mai nauyi, ta kori mutum, ta hana shi komawa shekara 10 in ya shiga hajji ba izini.

In an ƙi

Ranar da aka miƙo maka fasfo babu biza, zuciya takan ce a yaga takardar da ke ciki. Kada ka yaga. Rubuta ranar da ka karɓe ta, don daga ranar wa'adi ke fara gudu, kuma a jikinta aka yi alama a kan dalilin ƙin. Ita za ka fara kai wa lauya.

A tsarin Faransa kwana 30 gare ka ka kai kuka a rubuce, da Faransanci, zuwa birnin Nant: gajeriyar biza ga mataimakin daraktan biza, doguwa kuma ga CRRV, kwamitin da ke duba koke kan ƙin biza. In wata 2 suka wuce shiru, shirun ƙi ne, daga nan kana da wata 2 ka kai ƙara kotun harkokin mulki ta Nant. Ba a tsallake matakin farko a tafi kotu. Amurka kuwa in ta ƙi a ƙarƙashin sashe na 214(b), wato jami'i bai gamsu za ka koma gida ba, babu ɗaukaka ƙara sam, sai dai sabuwar nema.

Ra'ayina, ba kowane ƙi ne ya cancanci shari'a ba. In an ƙi ne don takardar banki ba ta gamsar ba, kuma bikin da za ka je saura mako uku, gara ka gyara ka sake nema, ya fi arha ya fi sauri. Inda ya kamata a dage shi ne inda haƙƙi yake: mace za ta bi mijinta, yaro zai bi iyayensa, ɗalibi ya samu gurbi an biya kuɗi, ko an zargi takardarka ta gaskiya da zama jabu. Wannan zargin in ka bar shi zai bi ka duk inda ka nema.

Mai kamfani da zai kawo baƙo

Wannan ɓangare gajere ne amma kuskurensa tsada gare shi. A ce kana da masana'anta a Yamai, za ka kawo injiniya daga Turkiyya ko Indiya. Abubuwa biyu ne ake kira biza kuma mutane na haɗa su. Akwai bizar shiga da ake bugawa a fasfo a ofishin jakadancin Nijar. Akwai kuma amincewar da ANPE, hukumar samar da aikin yi ta ƙasa, ke bugawa a kan kwantiragin aiki. Dokar ƙwadago ta 2012 ta ce kwantiragin baƙo sai a rubuce, sai an kai shi an amince, kuma neman wannan amincewa a wuyan mai kamfani yake. In an ƙi, kwantiragin ya ɓaci, kuɗin mayar da mutumin ƙasarsa kuma kai za ka biya. Don haka a fara da ANPE kafin a sayi tikiti. In ya iso, sai takardar izinin zama a DST da rajista a CNSS, asusun fansho da kariyar ma'aikata, kuma wani a ofis ya riƙe littafin ranakun da kowace takarda za ta ƙare.

A watan Janairun 2025 an fitar da sabuwar doka kan shigar baƙi da zamansu a Nijar, mai tanadin kora da ɗauri da tara. Ba baƙon kaɗai ta shafa ba. Wanda ya sauke shi a gidansa ko otal ɗinsa dole ya sanar da ƴan sanda. Mu da muka saba baƙo ya sauka a zaure ba a tambaye shi ko sunansa ba sai ya kwana uku, sai mu kiyaye. Mai gidan haya ma ya tambayi lauya abin da ke kansa.

In an riga an cuce ka

Kada kunya ta sa ka yi shiru, don da shirun nan suke ci. Tattara rasit, saƙonnin WhatsApp har da na murya, lambar da aka tura wa kuɗi, da sunan wanda ya haɗa ku. Kai ƙara komisariya ko jandarmeri, ko ka rubuta wa mai gabatar da ƙara na kotu kai tsaye. Lauya zai taimaka a rubuta ta a matsayin damfara, ya kuma nema maka diyya cikin shari'ar. In fasfo ya tafi da shi, yi sanarwar ɓata a wurin ƴan sanda tun ranar, kada a yi wata ɓarna da sunanka. Mu mun yi jinkiri wata biyu muna bin dattawa a sasanta, kafin mu kai ƙara mutumin ya bar gari.

Ɗan'uwan da aka tsare a waje kuma, ofishin jakadancin Nijar na ƙasar ake fara sanarwa, da cikakken sunansa kamar yadda yake a fasfo, da lambar fasfo, da garin da aka kama shi. A nan ne iyali kan tsaya cirko-cirko, kowa ya san shi da sunan gida, babu mai lambar. Saboda haka kafin ɗanka ko mijinki ya hau mota, a ɗauki hoton kowane shafi mai rubutu, a buga kofi biyu, ɗaya a akwatin uwargida, ɗaya wurin wani amintacce a Yamai. In zai daɗe, ya biya ta wurin notar ya bar wa wani takardar wakilci, wanda zai iya karɓo masa kaziye ko takardar haihuwa ranar da aka bugo waya daga can ana nema cikin mako ɗaya.